Shekara Sittin da Huɗu a Majalisar Jiha: Tarihin Fred Risser na Wiskonsin



Sa'ad da aka ce za a yi magana a kan tarihin majalisun dokoki, na tabbata da yawa daga cikinku sun zaci za a ɗauko Majalisar Ingila ne, ko kuwa Majalisar Tarayyar Amurka da ke birnin Washington. Na bar waɗannan duka, na zaɓi mutum ɗaya a majalisar jiha ɗaya, wanda da wuya a sami mutum biyar a zauren nan da suka taɓa jin sunansa. Bai taɓa zama gwamna ba, bai taɓa zama minista ba. Sunansa Fred A. Risser, mutumin birnin Madison a Jihar Wiskonsin ta ƙasar Amurka. Ya shiga majalisar dokokin jiharsu a watan Janairu na 1957, watau wata biyu kafin Ghana ta sami 'yancin kai, ya bar ta a watan Janairu na 2021. Shekara 64 ke nan ba tare da yankewa ba. A tarihin Amurka babu ɗan majalisar jiha da ya kai shi daɗewa, kuma ko a Majalisar Tarayya wanda ya fi kowa daɗewa, John Dingell na Jihar Mishigan, shekara 59 ya yi.

Yawan shekaru kaɗai bai isa a tara mutane dominsa ba. Abin da ya sa na ga ya kamata ɗalibai da ma'aikata su san wannan tarihi shi ne, mutumin da ya daɗe haka yana iya ganin abin da ɗan majalisa mai zango ɗaya ko biyu ba ya gani: yana ganin ranar da aka kafa doka, yana kuma nan zaune a ranar da aka zo rushe ta. Dokokin da za mu bi tarihinsu yau kuwa, mafi muhimmancinsu sun shafi ma'aikacin gwamnati ne, yadda ake ɗaukarsa aiki da yadda yake neman haƙƙinsa.

Jihar da majalisarta

Wiskonsin tana arewacin Amurka, ta yi iyaka da manyan tafkuna biyu, Mishigan da Sufiriya. Ta zama jiha a 1848, ita ce ta talatin. An san ta da kiwon shanu da madara da cuku, kuma a ƙidayar 2020 mutanenta sun kusa miliyan shida. Hedkwatarta Madison ce, inda babbar jami'ar jihar take. Ku riƙe wannan, domin garin da ya tara ma'aikatan gwamnati da malaman jami'a da ɗalibai siyasarsa dabam take, kuma su ne mutanen da Risser ya wakilta.

Da aka tsara Tsarin Mulkin Nijeriya na 1979, an ari abubuwa da yawa daga Amurka, har da gwamna zaɓaɓɓe da majalisar dokoki a kowace jiha. Amma tamu majalisar jiha zaure ɗaya ce. A Amurka kuwa, in ban da Jihar Nebraska, kowace jiha zaure biyu gare ta. A Wiskonsin akwai Majalisar Wakilai mai kujera 99, ana zaɓensu kowace shekara biyu, da Majalisar Dattijai mai kujera 33, kowa yana yin shekara huɗu. Babu dokar da ta ƙayyade sau nawa mutum zai iya tsayawa. Muddin mutanen mazaɓarsa suna sonsa, sai ya yi ta komawa.

Gida ɗaya, jam'iyya huɗu

An haifi Risser ranar 5 ga Mayu, 1927. Aikin majalisa gado ne a gidansu, amma gado mai ban mamaki, domin zuriya huɗu suka yi shi, kowanne a ƙarƙashin tuta dabam. Kakan mahaifiyarsa, Clement Warner, kanar ne a sojan Arewa lokacin yaƙin basasar Amurka, a can ya rasa hannu ɗaya. Bayan yaƙi ya shiga Majalisar Dattijan jihar a 1867 da sunan masu riƙe tarayya. Ɗansa Ernest Warner ya shiga Majalisar Wakilai a 1905 a Jam'iyyar Rifablikan. Mahaifin mutuminmu, Fred E. Risser, ya yi ɗan Majalisar Dattijai daga 1937 zuwa 1949, ya shiga ne da sunan Jam'iyyar 'Yan Neman Ci Gaba. Shi kuma ya zo ya yi tasa rayuwar duka a Jam'iyyar Dimokurat.

Wanda bai san tarihin jihar ba sai ya ce gidan 'yan canjin sheƙa ne. Gaskiyar magana ita ce ra'ayin gidan bai cika motsawa ba, jam'iyyun ne suka yi ta motsi. A farkon ƙarni na 20 masu neman gyara a Wiskonsin suna cikin Rifablikan ne, a ƙarƙashin Gwamna Robert La Follette, wanda ya yi mulki daga 1901 zuwa 1906. Shi da mabiyansa suka yaƙi kamfanonin jirgin ƙasa da iyayen gidan siyasa, suka kawo zaɓen fid da gwani wanda talakawa ke jefa ƙuri'a a cikinsa, suka kuma jawo malaman jami'a cikin aikin tsara dokoki. Daga wannan gida aka sami dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki a 1911, da dokar tallafa wa wanda ya rasa aiki a 1932, wadda Wiskonsin ta riga kowace jiha yi. A 1934 'ya'yan La Follette suka ɓalle suka kafa tasu jam'iyya, ta 'Yan Neman Ci Gaba. A 1946 ta watse, shugabanninta suka koma Rifablikan, amma gidan ya ƙi karɓarsu hannu biyu: a zaɓen fid da gwani na wannan shekara Joseph McCarthy ya kayar da Robert La Follette ƙarami. Daga nan matasan da suka taso da ra'ayin gyara suka nufi Jam'iyyar Dimokurat, wadda a lokacin ba ta da wani ƙarfi a jihar, suka sake gina ta daga tushe. Ɗaya daga cikin waɗannan matasa, Gaylord Nelson, shi ne ya kayar da mahaifin Risser a zaɓen 1948. Bayan shekara takwas ɗan wanda aka kayar ya shiga majalisa a jam'iyyar wanda ya kayar da ubansa.

A cikin kakannin nan, wanda nake so ma'aikata su lura da shi shi ne Ernest Warner. Zango ɗaya kawai ya yi, amma shi ya rubuta dokar aikin gwamnati ta 1905. Kafin nan al'adar Amurka ita ce, duk jam'iyyar da ta ci zaɓe sai ta kori ma'aikatan da ta tarar, ta cika ofisoshi da 'yan kanzaginta, tun daga sakatare har masinja. Abin ya yi muni har wani da ya nemi muƙami bai samu ba ya harbe Shugaba James Garfield a 1881, shi ya sa Gwamnatin Tarayya ta yi dokar gyara a 1883. Jihohi suka yi nawa. Niyok ta bi a 1883, Masacusets a 1884, sa'an nan aka yi shekara ashirin ba wadda ta ƙara, sai Wiskonsin ta zama ta uku. Dokar Warner ta ce a ɗauki ma'aikaci ta hanyar jarrabawa, wanda ya fi cancanta shi ne zai samu, kuma ba a korarsa saboda jam'iyyarsa ta faɗi. Za mu dawo kan wannan doka.

Shigarsa majalisa

Risser ya shiga sojan ruwa a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan an sallame shi ya yi karatu, ya gama digirin lauya a Jami'ar Oregon a 1952, ya dawo Madison ya kama aikin lauya. A zaɓen Nuwamba na 1956 ya ci kujerar Majalisar Wakilai, yana da shekara 29. A 1962 aka naɗa Horace Wilkie, ɗan Majalisar Dattijai mai wakiltar Madison, alƙali a Kotun Ƙolin jihar. Risser ya ci zaɓen cike gurbi, ya hau kujerar da zai zauna a kanta shekara 58.

Ya shiga a kan gaɓa. A 1958 Gaylord Nelson ya ci gwamna, shi ne ɗan Dimokurat na farko da ya ci tun 1932, kuma jam'iyyar ta sami rinjaye a Majalisar Wakilai. A shekara mai zuwa, 1959, Wiskonsin ta zama jiha ta farko a Amurka da ta yi dokar da ta ba ma'aikatan ƙananan hukumomi ikon kafa ƙungiyar ƙwadago, da ikon ƙungiyar ta zauna da hukuma a daidaita albashi da sharuɗɗan aiki. A cikin shekarun 1960 aka miƙa wannan haƙƙi ga ma'aikatan gwamnatin jiha. Ba abin mamaki ba ne a ce daga nan abin ya fara, domin babbar ƙungiyar ma'aikatan jihohi da ƙananan hukumomi ta Amurka ma a Madison aka kafa tushenta a 1932. Risser yana zaune a zauren, ɗan majalisa mai zango na biyu, ranar da aka yi dokar 1959.

A Majalisar Dattijai kuwa hanya ba ta yi sauƙi ba. Dimokurat ba su sami rinjaye a cikinta ba tun ƙarshen ƙarni na 19. Daga 1967 zuwa 1975 Risser ne shugaban marasa rinjaye, aikin da ba shi da daɗi: kullum kana magana, kullum ana kayar da kai. Sai a zaɓen 1974, bayan abin kunyar Watergate ya girgiza Jam'iyyar Rifablikan a ƙasa baki ɗaya, Dimokurat suka sami rinjaye a zauren, karo na farko cikin shekara tamanin da 'yan kai. A lokacin Mataimakin Gwamna ne ke shugabantar zaman Majalisar Dattijai, kamar yadda Mataimakin Shugaban Ƙasa yake yi a Washington, saboda haka Risser ya zama shugaban riƙo. A 1979 aka gyara tsarin mulkin jihar ta ƙuri'ar raba gardama, aka ce 'yan majalisa su zaɓi shugabansu daga cikinsu. Shi aka fara zaɓa.

Mai guduma

Sau biyar ya riƙe wannan kujera: daga 1979 zuwa 1993, daga 1996 zuwa 1998, daga 1999 zuwa 2003, daga 2007 zuwa 2011, da kuma 'yan watanni daga tsakiyar 2012 zuwa farkon 2013. In an haɗa, kimanin shekara 25. Wannan hawa da sauka da kansa darasi ne. Duk lokacin da jam'iyyarsa ta rasa rinjaye sai ya miƙa guduma ga ɗan Rifablikan, ya koma kujerarsa a cikin zaure, ya ɗaga hannu yana neman izinin magana daga wanda jiya shi yake ba shi izini. Ba a rufe majalisa ba, ba a sace sandar girma ba.

Sai dai kada a ɗauka shi ne mai iko a zauren. A tsarin Wiskonsin shugaban masu rinjaye shi ne ke riƙe da akalar siyasa, shi ke cewa ga ƙudurin da za a kawo, ga wanda za a binne a kwamiti. Aikin shugaban majalisa shi ne kula da ƙa'idojin zama: wa zai yi magana, wane gyara ne ya dace da ƙuduri, wane ne ya fita daga batu, yaushe za a kaɗa ƙuri'a. Aiki ne irin na alƙalin wasa, kuma wanda ya yi shekaru yana yinsa yakan zama ma'ajiyar tarihin zauren, wanda ake tambaya yadda aka yanke irin wannan gardama shekara talatin da suka wuce. Iyakar wannan aiki ta fito fili a 2002, sa'ad da aka tuhumi manyan shugabannin majalisar na jam'iyyun biyu da laifin sa ma'aikatan gwamnati aikin yaƙin neman zaɓe da lokacin ofis. Shugaban masu rinjaye na Dimokurat a Majalisar Dattijai, Chuck Chvala, ya amsa laifi a 2005, aka yanke masa ɗauri. Ba a tuhumi Risser da komai ba. Amma a ganina ya kamata mai tarihi ya faɗa cewa abin ya faru ne yana kan kujerar shugabanci, kuma laifin shi ne ainihin cutar da dokar kakansa ta zo magancewa. Mutum na iya tsare ƙa'idar zama sarai, ɓarna kuwa tana gudana a ofis na gaba.

Wani aikin da ya daɗe yana yi, wanda jaridu ba su cika kula da shi ba, shi ne zama a Hukumar Gine-ginen jihar, wadda ke duba duk wani babban gini da gwamnati ko jami'a za ta yi. Yana cikin waɗanda suka tsaya a kan gyaran ginin majalisar kansa, wanda aka gama ginawa a 1917, aka kuma yi masa gyara na gaske daga 1988 zuwa 2001. Akwai ginin ma'aikatar shari'a a Madison da aka sa wa sunan Risser.

In ana son ganin amfanin daɗewa, a dubi maganar taba. A 1964 babban likitan Gwamnatin Amurka ya fitar da rahoton da ya tabbatar cewa shan taba na kawo ciwon dajin huhu. A lokacin ana shan taba a ofis, a asibiti, a cikin jirgin sama, har a ɗakunan majalisa. Risser ya ɗauki maganar hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, ya yi ta kawo ta zango bayan zango. A zaman majalisa na 1983 zuwa 1984 aka sami doka ta farko, mai rauni, wadda ta ƙayyade wuraren sha a waɗansu gine-gine, ta bar mashaya da wurare da yawa yadda suke. Ƙungiyar masu mashaya ta jihar tana da ƙarfi ƙwarai, kuma kusan kowane ƙauye yana da memba a cikinta, watau kowane ɗan majalisa yana da wanda zai ji tsoro. Sai a watan Mayu na 2009 Gwamna Jim Doyle ya sa hannu a dokar da ta hana shan taba a dukan wuraren aiki, har da gidajen abinci da mashaya, ta fara aiki ranar 5 ga Yuli, 2010. Tsakanin dokar farko da ta biyu shekara 25 ne. Ɗan majalisar da aka ƙayyade wa shekara takwas, da ya tafi tun ana kashi ɗaya bisa uku na tafiyar.

Fabrairu, 2011

Yanzu mun zo kan abin da ya sa na zaɓi wannan mutum. A zaɓen Nuwamba na 2010 Rifablikan suka kwashe komai a Wiskonsin: Scott Walker ya zama gwamna, suka sami rinjaye a zauruka biyu. A Majalisar Dattijai suna da 19, Dimokurat 14. A watan Fabrairu na 2011 Walker ya kawo ƙudurin da ya ce na gyaran kasafin kuɗi ne. Hujjarsa ita ce jihar tana fuskantar giɓin dala biliyan 3.6 a kasafin shekara biyu, kuma yarjejeniyoyin da aka ƙulla da ƙungiyoyin ma'aikata sun ɗaure hannun ƙananan hukumomi da hukumomin makarantu. Ƙudurin ya ce ma'aikata su riƙa biyan kusan kashi 6 cikin ɗari na albashinsu a asusun fansho, da kimanin kashi 12 cikin ɗari na kuɗin inshorar lafiya. Wannan ɓangare ƙungiyoyin sun ce za su karɓa. Inda aka rabu shi ne sauran: ƙungiya ba za ta ƙara yin ciniki a kan komai ba sai gundarin albashi, shi ma ƙarin ba zai wuce hauhawar farashi ba sai da ƙuri'ar raba gardama, za a daina cire kuɗin ƙungiya daga albashi, kuma kowace shekara sai ƙungiya ta sake neman amincewar kashi 51 cikin ɗari na dukan ma'aikatan wurin, wanda bai zo jefa ƙuri'a ba a lissafa shi cikin waɗanda suka ƙi. An keɓe 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. A taƙaice, dokar 1959 ce aka zo yi wa yankan ƙauna.

Mutum 14 ba za su iya kayar da 19 a ƙuri'a ba. Amma tsarin mulkin jihar ya ce duk ƙudurin da ya shafi kuɗi ba a zartar da shi sai kashi uku bisa biyar na 'yan zauren suna nan, watau mutum 20 cikin 33. Rifablikan sun gaza da mutum ɗaya. Ranar 17 ga Fabrairu dukan 'yan Dimokurat 14 suka fice, suka tsallaka iyaka zuwa Jihar Ilinoyi, inda 'yan sandan Wiskonsin ba su da ikon kamo su. Risser na cikinsu, yana da shekara 83. Suka yi mako uku a can, a gida kuwa dubban malaman makaranta da ma'aikata da ɗalibai suka cika ginin majalisa dare da rana cikin tsananin sanyi, har aka ƙiyasta taron ya kai mutum dubu ɗari a ranar da ya fi cika. Majalisar ta yanke musu tarar dala 100 a kowace ranar da ba su zo ba.

Bari in ɗan ratse. Wannan dabara tsohuwa ce a Amurka. A 1840, a majalisar Jihar Ilinoyi ɗin nan da suka gudu zuwa cikinta, wani matashin ɗan majalisa ya dira ta taga domin kada adadi ya cika. Sunansa Abraham Lincoln, kuma dabararsa ba ta ci ba.

Ta waɗannan ma ba ta ci ba. Ranar 9 ga Maris Rifablikan suka cire sassan da suka shafi kashe kuɗi daga ƙudurin, ta haka sharaɗin mutum 20 ya faɗi, suka zartar da sauran da ƙuri'a 18 da 1. Ɗayan nan Dale Schultz ne, ɗan jam'iyyarsu. Ranar 11 ga Maris gwamna ya sa hannu, ta zama Doka ta 10 ta shekarar 2011. Washegari 'yan gudun hijira suka dawo Madison, taro ya tarbe su da tafi, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

To, me za mu ce game da mutumin da ya yi shekara ashirin da wani abu yana buga guduma yana kiran 'yan majalisa su zauna, sa'an nan ya zama shi ake nema? Masu sukarsa suna da hujja mai ƙarfi. Jama'a sun yi zaɓe wata uku da suka wuce, sun ba wata jam'iyya rinjaye, kuma in marasa rinjaye za su iya tsayar da majalisa duk lokacin da suka ga za a kayar da su, zaɓe ya zama wasa. Masu kare shi kuma suna cewa Walker bai gaya wa masu zaɓe zai yi wannan ba lokacin kamfe, an kuma so a zartar da abin da ya soke tsarin shekara hamsin cikin mako guda, sharaɗin mutum 20 kuwa ba su suka ƙirƙiro shi ba, yana cikin tsarin mulki. Ni dai ra'ayina ya fi karkata ga cewa mako ukun nan sun yi amfani ɗaya na gaske, watau sun ba mutanen jihar lokacin karanta ƙudurin da fahimtar abin da ke ciki. Bayan wannan ba su sayi komai ba, kuma makami ne da in aka saba zare shi, gobe abokin hamayya zai zare shi a kanka. A Jihar Oregon, bayan 'yan shekaru, 'yan Rifablikan ne suka riƙa ficewa suna hana Dimokurat zama.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Aka tara sa hannun jama'a domin yi wa Walker kiranye, aka yi zaɓe ranar 5 ga Yuni, 2012, ya sake ci. A rana ɗaya Dimokurat suka ƙwace kujera guda a Majalisar Dattijai, suka zama 17 da 16, abin da ya mayar da Risser kan kujerar shugabanci na 'yan watanni, a lokacin da majalisar ba ta ma cika zama ba. A 2014 Kotun Ƙolin jihar ta tabbatar da dokar. Yawan ma'aikatan Wiskonsin da ke cikin ƙungiyoyin ƙwadago ya faɗo daga kimanin kashi 14 cikin ɗari a 2010 zuwa kimanin kashi 8 a 2015. Sa'an nan a watan Fabrairu na 2016 aka taɓa ɗaya ginshiƙin: Walker ya sa hannu a dokar da ta soke jarrabawar shiga aikin gwamnati, aka maye gurbinta da duba takardun tarihin aikin mai nema, aka kuma sauƙaƙa hanyar sallamar ma'aikaci. Masu goyon baya suka ce tsohon tsari yana jan watanni kafin a cike gurbi ɗaya, ƙwararru kuwa ba sa jira. Masu adawa suka ce an buɗe wa 'yan alfarma ƙofa. Dokar Ernest Warner ta yi shekara 111, jikansa kuma yana zaune a ɓangaren marasa rinjaye ranar da aka cire mata jijiya.

Gardamar daɗewa

Ba zan rufe ba sai na taɓa abin da na san ɗalibai za su tambaya: shin daidai ne mutum ɗaya ya riƙe kujera shekara sittin? Amurkawa da kansu sun rabu a kan wannan. A 1990 jihohin Kalifoniya da Kolorado da Oklahoma suka ƙayyade wa 'yan majalisunsu wa'adi, waɗansu jihohi suka bi. Wiskonsin ba ta bi ba. Kuma dole a faɗi gaskiya, daɗewar Risser ba cancantarsa kaɗai ta kawo ta ba. Madison gari ne da Rifablikan ba su da fata a cikinsa, sau da yawa ma ba wanda ke fitowa ya kara da shi. Zuriya biyu na 'yan siyasar garin sun taso sun tsufa suna jiran kujerar da ba ta faɗuwa. Wannan hasara ce ta gaske, ko da ba a iya auna ta. A ɗaya ɓangaren kuma, inda aka ƙayyade wa'adi an lura cewa sanin aiki yakan bar hannun zaɓaɓɓu ya koma hannun ma'aikatan zartaswa da 'yan kamashon kamfanoni, domin su ba sa tafiya.

Mu a nan ba mu kai ga wannan gardama da sauri ba, saboda dalilin da kowa ya sani. A cikin shekarun da Risser ya yi yana zuwa zaure ɗaya, an rufe Majalisar Jihar Arewa da ke Kaduna a watan Janairu na 1966. Majalisun jihohi da aka buɗe a Oktoba na 1979 an rufe su ranar 31 ga Disamba, 1983. Waɗanda aka buɗe a 1992 an rufe su a Nuwamba na 1993, sai a 1999 aka sake buɗewa. Ko da an sami mai hali irin nasa a Kano ko Sakkwato a wancan zamani, babu zauren da zai daɗe a ciki. Shi kuwa ya yi aiki da gwamna 13, daga Vernon Thomson zuwa Tony Evers, ya kuma ga shugabannin ƙasa 12, daga Eisenhower zuwa Trump.

A watan Maris na 2020 ya ba da sanarwar cewa ba zai sake tsayawa ba. Yana da shekara 92, har lokacin an san shi da hawan keke, kuma shi ne na ƙarshe cikin tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Biyu da ke zaune a wata majalisar dokoki a Amurka. Shekara takwas na ƙarshe duk a ɓangaren marasa rinjaye ya yi su, kamar yadda ya fara. Kelda Roys ce ta ci zaɓen fid da gwani a cikin 'yan takara da yawa, ta hau kujerar a watan Janairu na 2021. Maganar Doka ta 10 kuwa ba ta tafi tare da shi ba: a watan Disamba na 2024 wani alƙali a Madison ya soke manyan sassanta, bisa hujjar cewa keɓe waɗansu jami'an tsaro da aka yi, aka bar waɗansu, ya saɓa wa daidaiton da tsarin mulkin jihar ya tanada. Shugabannin majalisar suka ɗaukaka ƙara, aka dakatar da hukuncin kafin a saurare ta.

Shugaban taro, a nan zan tsaya, in da mai tambaya.